Kwalaben Tove

Karo na goma sha ɗaya ke nan Ejvind Krogh yana murɗa famfon da ke gindin tukunyar, karo na goma sha ɗaya kuma ruwa ne ya zubo, baƙi, da ɗan daskararren abu kamar ƙanzo. Mai ko ɗigo babu.

Bai canza komai ba. Gansakukar nan ce dai da yake kwasowa a bakin ruwan Limfjord, ya niƙa ta ta koma kunu, ya ɗura a tukunyar ƙarfen da ya haɗa da hannunsa, ya matse ta, ya ba ta wuta har zafi ya kai digiri ɗari uku da hamsin. Abin da ƙasa ke yi a shekaru miliyoyi, shi a minti ashirin yake yi. Haka yake gaya wa duk wanda ya tsaya saurare, kuma a garin nan masu tsayawa sun ƙare.

Ga shaida nan jere a kan kantar rumfar da yake aiki a ciki: kwalabe ɗari shida da wani abu, kowace cike da ɗanyen mai, kowace da kwanan wata da rubutun matarsa Tove. Shekara goma sha biyu, duk Asabar kwalba ɗaya. Shi ke dafawa, ita ke tacewa. Da tukunya ta huce sai ta kore shi.

"Tafi ka haɗa kofi, tsoho. Hannunka rawa yake, ɓarar min da shi za ka yi."

Kafin ya dawo da kofuna biyu ta cika kwalba, tana ɗaga ta a hasken taga. Ita ce ma hancinsa, don hayaƙin walda ya daɗe da kashe masa jin wari. Sai ta shinshina ta ce, "Na yau ya fi na makon jiya."

A watan Maris Tove ta rasu. Tun daga ranar tukunya ta ƙi.

Rumfar ta hukumar gari ce, kuma takarda ta zo: ranar Juma'a za a turo mutum. In ya ga mai yana fita da idonsa, a bar wa Ejvind wurin. In babu, a kwashe ƙarafan a ba masu gyaran kwalekwale rumfar. 'Yarsa da ke Aarhus har ta samo masa ɗaki a gidan tsofaffi. Ejvind bai ji tsoron ɗakin ba. Abin da ke ci masa rai shi ne a ce shekarun da suka yi su biyu a rumfar nan shirme ne.

Ya sauya bututu, ya sauya ma'aunin zafi, ya shiga ruwa har gwiwa ya kwaso sabuwar gansakuka. Da rana yakan yanka burodin hatsi ya ɗora kifi, ya ci a tsaye, don kujeru biyu ne a wurin kuma ya kasa zama a ko ɗaya. Kewar Tove ta ishe shi. Sau biyu yana haɗa kofi kofuna biyu.

Ranar Alhamis da hantsi mota ta tsaya a waje. Preben ne, ƙanin Tove, wanda ke aiki a rijiyoyin mai na tsakiyar teku. Da can duk wata yakan zo daga Esbjerg da shuɗiyar jarka, wai takin ruwa ne na furannin yayarsa. Tun jana'iza bai leƙo ba.

"Ashe kana raye, mai dafa ciyawa," in ji Preben. Ya yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba.

"Furannin sun bushe," Ejvind ya ce, ganin jarkar a hannunsa. "Da ka huta da ɗauko ta."

Preben ya ajiye ta a ƙasa. Ya kalli kwalaben, ya kalli tukunyar, ya cire hula yana murza ta. Sannan ya buɗe murfin jarkar. Abin da ke ciki baƙi ne, mai kauri, yana sheƙi, irin na cikin kwalaben.

"A asibiti ta sa na rantse zan ci gaba da kawo shi," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Na ji batun Juma'a, shi ya sa na zo. Sai dai wallahi, Ejvind, ba ta taɓa nuna min ta inda take zuba shi ba."