Ruwan da Ikilima Ta Ƙi Sha

Ikilima ba ta shan ruwa sai rana ta faɗi. Ba azumi take yi ba, sana'a ce ta koya mata. Ita ke yi wa amaren Gashuwa kwalliya, kuma ta ɗauka fuskarta ita ce tallarta. In ta sha ruwa sai gumi ya zo, gumi ya kwashe hoda, jan-baki ya bi bakin kofi. Ga kuma kunya. Ta yaya za ta shiga gidan mutane cike da 'yan biki tana tambayar banɗaki?

Kullum da safe mijinta Mahfuz, manomin tattasai, yakan tare ta a bakin ƙofa da kofi a hannu.

"Kurɓi ɗaya dai, gimbiya."

"Bari in dawo, Yaya. Yanzu fa na gama leɓen nan."

"Ke da na sace zuciyarki da fiya wata ta naira biyar, yau ruwa ne abokin gabarki?"

Takan yi dariya har haƙorin makkanta ya fito. A tashar motar Nguru suka fara haɗuwa tana ɗaliba, ƙishirwa ta busar mata da baki, ya miƙa mata ledar ruwa mai sanyi.

"Wancan zamani ne," in ji ta. "Yanzu biyar ɗinka ko ledar banza ba za ta saya maka ba. Ni ma darajata ta tashi."

Ta fice, kofin yana hannunsa.

Man da ta saba shafawa shi ma ya yi tsada. Ta tuna kuɗinsa na da, ta rantse ba za ta ninka ba. Sai wata ta kawo mata haɗin gida a roba marar suna, a tsohon farashi, wai yana sa haske cikin mako guda. Ta karɓa da murna, ta ce tsuntsu daga sama gasasshe.

Da kwiɓinta ya fara ciwo, ta sayi ƙwayar kashe zafi a kemis tana haɗiyewa da lemon kwalba. Da fuskarta ta fara kumbura da safe, ta ce hutu ne, ta ƙara hoda. Mahfuz ya ga zoben da ya ba ta ya nutse a yatsa, ya roƙe ta su je asibiti.

"In an gama bukukuwan nan," ta ce. "Amare na jirana."

Ranar wata Asabar ce cikin zafin bazara, irin wanda ke sa kwalta laushi. Tana zana wa wata amarya gira sai ta ga fuskar amarya ta zama biyu. Amai ya taso mata. Ba ta kai ƙofa ba ta zube, kayan kwalliya suka watse a tabarma.

Daga asibitin gari aka tura su Nguru. A can wata nas ta jiƙa auduga ta fara goge mata fuska. Mahfuz na tsaye yana kallo. Hoda na fita, wata fuska na bayyana wadda bai sani ba: fata ta ɗashe kamar toka, ƙasan ido ya cika tim, leɓe ya tsattsage. Gida ɗaya suke kwana, amma ya kasa tuna rabonsa da ganinta babu kwalliya cikin hasken rana.

Likita ya yi tambayoyi, ya juya robar man da Mahfuz ya kawo a hannunsa, sannan ya dube su.

"Malam, sai haƙuri. Ƙodojinta duka biyu sun gaza. Rashin shan ruwa a zafin nan, ƙwaya ba ƙa'ida, ga wannan man da ba wanda ya san abin da ke ciki. Sun taru sun yi mata yawa. Sai dai wankin ƙoda."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Mahfuz ya zabura ya nufi ƙofa. "Bari in sayo ruwa, likita. Wallahi yau ko za ta yi kuka sai na ɗura mata."

"Dawo ka zauna. A da ruwan ne zai tsare ta. Yanzu jikinta ba ya iya fitar da shi, in ta sha da yawa huhu zai taru. Ba za ta sha ba sai ɗan abin da muka auna mata."

Ikilima ta juyar da fuskarta ga bango.

Yau gonar tattasai ta tafi a kuɗin wankin ƙoda, akwatin kwalliya ya bi ta. Ana jona Ikilima da injin wanki, tana kallon masu jinya suna fasa leda da haƙori suna kwankwaɗa, har su zubar da saura a ƙasa. Mahfuz yana zaune gefenta, yana tsoma auduga a kofi yana jiƙa mata leɓe.

"Yaya," ta ce a hankali, "ka tuna ruwan tashar nan?"

"Na tuna."

"Don Allah ka ba ni kofin. Kurɓi ɗaya dai."

Ya dubi kofin, ya dube ta. Hawaye na zuba, ya mayar da shi bayansa.

'Yan'uwa, ku sha ruwa tun jiki na karɓa, ku guji ƙwaya da man da ba ku san asalinsu ba, komai arharsu. Kwalliya takan goge a sake wata, ƙoda kuwa ba a sayenta a kowace kasuwa.