Kurman da Kwamiti Ya Turo Jirgi

Horace Tregear ya sunkuyar da kai kafin ya shiga hawan igwa, benen jirgi da igwogi suke, ko da yake tsufa ya riga ya sunkuyar masa da shi. Tun kansa da gashi yake zagayawa da baƙi cikin tsohon jirgin ruwan yaƙin nan na katako da ke ɗaure a tashar garinsu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse, jirgin kaɗai ya rage masa. Tsohuwa yake ce masa, kuma kaiton baƙon da ya jingina da jikinta.

Sai ga kwamitin jirgin ya ƙyalla ido ya hango wasu 'yan na'urori da baƙo zai maƙala a kunne, ya danna lamba, su yi masa bayani. Ba sa ciwon gwiwa, kuma ba sa musu da kwamiti.

Doreen Pask mai sayar da tikiti ce ta tsegunta masa a lokacin shayi.

"Horace, ran Litinin za su turo wani daga Landan kan maganar na'urorin nan. Kai za ka zagaya da shi."

"Litinin ai a rufe muke."

"To ni na sani? Ka dai goge takalminka. Kuma don Allah kada ka ba shi labarin akun nan."

"Akun gaskiya ne!"

"Bara kyanwa ce, Horace."

Bai kula ta ba. Shi ya riga ya gano bakin zaren: alƙali aka turo ya auna shi da na'ura. In ya faɗi, shi da Tsohuwa sai hange daga bakin ruwa. Tsoro ya kama shi sosai, har biskit ɗinsa ya narke a kofi bai lura ba.

Baƙon siriri ne, sunansa Mista Fenwick. A kunnensa akwai wani ɗan abu mai waya da ta shige cikin kwat ɗinsa. Horace ya gani, ya yi maza ya kau da kai. A garinsu gara mutum ya haɗiye harshensa da ya tambayi wani larurarsa. Suka yi hirar ruwan sama yadda ya kamata.

"An dai gaya maka abin da ya kawo ni?" in ji Fenwick.

"Sarai, yallaɓai," in ji Horace, wanda bai taɓa yarda akwai abin da ba a gaya masa ba.

Suka shiga ciki. Warin kwalta da tsohuwar igiya ya tarbe su. Igwogi na jere baƙi ƙirin, kowace da bakinta a taga, amma Fenwick ko kallo ba su ishe shi ba. Ya matso dab da bakin Horace ya tsaya. Allah sarki, in ji Horace a ransa, kunnen ya yi nisa. Sai ya rage sauri, ya buɗe murya, yana fitar da kowace kalma fes.

Tsuntsun teku ya yi kuka a waje. Fenwick ya ɗaga hannu.

"Yi haƙuri, maimaita min daga farko."

Ya maimaita. Suka sauka inda matuƙan jirgin ke kwana cikin ragar da aka rataye, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ya ba da labarin biskit mai tsutsa da ake ci a duhu don kada ido ya hana baki. Suka ƙara sauka ɗakin likita, inda zarto ke rataye, Horace ya ƙwanƙwasa azara don a ji ƙarfin katakon da. Fenwick ya zabura ya dafe kunne.

"Ban da buga abu, don Allah."

A ɗakin kyaftin Horace ya kasa daurewa, ya saki akun. Akun da ya haddace umarnin harbi, ya ci yaƙi guda kyaftin na sharar barci. Fenwick ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa, ya nemi a sake. Aka sake, har akun ya samu lambar yabo.

Da suka fito ya riƙe hannun Horace gam. "Ka sauƙaƙa min aiki, Mista Tregear. Ban taɓa samun irinka ba."

Ranar Horace bai taka ƙasa ba. "Je ki gaya wa kwamitinku," ya ce wa Doreen, "kurma ma ya ji ni."

Da bazara ta shigo kwamiti ya kira shi. Aka yanka kek, shugaba ya yi jawabi har ya yi kuskure ya kira shi Harold, aka miƙa masa agogon bango na sallama daga aiki, aka tafa. Washegari na'urori suka iso cikin kwalaye.

Abin ya ci shi ƙwarai. Ya kulle kansa a gida yana tsine wa kurman da ya yi masa daɗin baki. Daga baya zuciya ta ce ya je ya ji wace tsiya abin nan yake faɗa da har ya fi shi.

Doreen ta miƙa masa na'ura ba ta dube shi ba.

"Horace, da ka haƙura."

"Ba ni nan!"

A hawan igwa baƙi sun cika, kowa da waya a kunne, suna ta gyaɗa kai, wasu na ƙyalƙyala dariya su kaɗai. Ba wanda ya gane shi, har wata mata ta ture shi don ya tare mata hoto. Ya maƙala abin a kunne yana huci, ya danna lambar farko.

Muryar kansa ce, wadda Fenwick ya naɗa ran nan, ta yi masa maraba, a hankali, kalma bayan kalma, yadda ake yi wa kurma magana.