Lambar da Na Rataya wa Yayana

Da hannuna na rataya wa yayana lambar tunawar a wuya, a gaban baƙin da suka zo walimar sabon gidansa a garin Sleman.

Yayan nawa, Mas Darmaji, mayen tara kayan sararin samaniya ne. Ya ɗaga lambar yana nuna wa mutane ƙasa mai ruwan toka da ke cikin gilashinta.

"Ba ƙasar duniyar wata ta gaske ba ce," in ji shi, "amma a kan irinta masana ke gwada motocin da za su tura can. Lastri, ashe kin huce."

"Na huce, Mas. Kada ka cire ta."

"Ko zan shiga wanka?"

Aka yi dariya. Ya sumbaci gilashin.

Shi ne ya sayar wa masu fasa dutse gonarmu ta gindin tsaunin Merapi, har da kabarin Ibu, mahaifiyarmu, ya gina wannan gida. Da muka je kwashe ƙasusuwanta, muka tarar injina sun riga mu. Ranar jana'izarta ma cewa ya yi bayansa na ciwo, maƙwabta ne suka ɗauki makara.

Na bari sai da ya kai lomar shinkafa baki.

"Mas, ka san daga wane rami suke haƙo dutsen da suke niƙawa su yi wannan ƙasar?"

Ya juya lambar. Sunan ƙauyenmu ne a bayanta.

Ya kai hannu zai cire. Na riƙe hannun, ina murmushi saboda baƙi.

"Yanzu ba ta da nauyi, Mas. Ɗauki Ibu."