Ba Haka Yake Ƙarewa Ba

Ƙarfe shida saura kwata aka buɗe ƙofar zauren sinima, samari da 'yan mata suka ɓarko waje kamar an buɗe wa kaji akurki. Anti Ra'ayi ta danna jan maɓallin rikodarta, ta tare hanya.

Masu sayar da tikiti ne suka laƙaba mata sunan. Kamfanin fim ya ɗauke ta aikin sati uku: ta tsaya a bakin ƙofa, duk wanda ya fito ta tambaye shi yadda ya ga fim ɗin. Yau ce rana ta ƙarshe. Gobe za a ɓamɓare hoton fim ɗin daga bango a liƙa na wani.

"Ni fa ban ji tsoro ba," in ji wani dogo yana gyara wuyan riga. "Ko ɗis."

"Ƙarya yake, Anti!" abokinsa ya turo hannu gaban rikodar. "Dubi inda ya riƙe ni, har shatin farce."

Wata mai gilashi ta yi gyaran murya irin na masu karanta labarai. "To, a gaskiya, ta fuskar haske da sauti sun yi ƙoƙari. Sai dai fatalwar, hodarta ta yi yawa." Ta bayanta ko tsayawa ba ta yi ba, ta ce ita dai yau a ɗakin Mama za ta kwana, duk mai dariya ya yi ta yi.

Anti tana gyaɗa kai, tana godiya. Ta tara irin waɗannan sun fi dubu. Jimla ɗaya take jira, har yau ba wanda ya faɗe ta.

Daga labarin da kowane yaro ya sani aka ɗauko fim ɗin: Matar Bayan Ƙofa, mai laɓewa ta ɗauke duk yaron da aka bari shi kaɗai. Kowa ya san ƙarshensa, ba a sake ganin yaron. A haka fim ɗin ma ya ƙare. Yarinya ɗaya ce tak a duniya aka ba wa wani ƙarshen daban.

'Yar lelen Anti matsoraciya ce, ko inuwar labule ta gani sai ta ƙanƙame ta. Shi ya sa Anti ta gyara mata labarin. A nata, Matar Bayan Ƙofa ba muguwa ba ce, kaɗaici ne ya ishe ta. Ta kai yarinyar gidanta, ta yi mata kitso, ta saya mata jan takalmi, suka yi zamansu lafiya. Shekara uku kullum sai an maimaita. Idan Anti ta tsallake ko da takalmin ne, ƙaramin hannu zai rufe mata baki: "Umma, ba haka ba ne."

Yarinyar tana da shekara biyar aka zo da mota aka ɓamɓare ta daga jikinta. Maƙwabta suna tsaye a ƙofar gidajensu suna kallo. Shekara goma sha biyu ke nan, goma daga ciki Anti ba ta gari. Da ta dawo, ba hoto, ba adireshi, ko sunan da ake kiran yarinyar da shi yanzu ba ta sani ba. Kuma babu ofishin da za ta shiga ta yi cigiya a saurare ta.

Sai ga wannan fim, wanda duk mai shekara goma sha bakwai ya rantse sai ya gani.

Manaja ya zo wucewa da makullai a hannu. "Anti, ra'ayi aka ce ki ɗauko, ba ki ƙare wa 'ya'yan mutane kallo ba. In kin gama ki ajiye rikodar a teburina."

Ta ce to.

Jama'a suka ragu. Goma, biyar, uku. Mai shara ta ja bokitinta ta shige zauren. Anti ta leƙa: kujeru a naɗe, kwalaben lemo a ƙasa, sunayen 'yan wasa suna hawa bango ba mai karantawa. Fitilar rikodar ta fara ƙyaftawa, batir ya kusa mutuwa.

Daga can layin baya 'yan mata biyu suka miƙe, ɗaya tana neman wayarta a ƙarƙashin kujera. Suka taho suna gardama.

"Ke dai kin cika ƙorafi," in ji gajeriyar. "Kowa ya yaba sai ke."

"Ni ban ce bai yi kyau ba," doguwar ta ce. "Cewa na yi ba haka yake ƙarewa ba."

Anti ta dafa bango. Sannan ta ɗaga rikodar.

"'Yata," ta ce. "'Yata, yaya yake ƙarewa?"

Yarinyar ta dube ta, kallon da ake yi wa kowace ma'aikaciya mai riga da tambarin kamfani. Ta yi 'yar dariya. "Ai matar ba ta cutar da yarinyar. Kitso take mata. Har da wani jan takalmi."

"Kai, wannan kuma a gidan wa?" ƙawar ta kwashe da dariya.

Anti ba ta ji ta ba. Girar take kallo, da haɓar, da yadda yarinyar ke cizon gefen babban yatsa. Tambayar da ta biyo baya ba ta cikin takardar kamfani. Shekara goma sha biyu tana tanadin kunnenta don amsar, kalma ɗaya ce, ta san ta, tana jin ta tun kafin a faɗa.

"Wa ya ba ki labarin a haka?"

Yarinyar ta ɗaga kafaɗa, ta gyara jakarta, ta riga ta fara tafiya.

"Matar da ta sace ni ina ƙarama."