Rabin Sakaina

Ka ce kana mamakin yadda intanet ke gane ka daga wannan shafi zuwa wancan, har ka soma zaton ta san ka. Ba ta san ka ba. 'Yar alama ce aka ba wayarka lokacin da ka shiga, aka ajiye bayananka a can wajen masu shafin, duk shafin da ka leƙa alamar ake tambaya. Bari in ba ka misali da wani manomi.

Matarsa ta rasu da damina, Allah bai ba su haihuwa ba, dangi suka kwashe kayanta aka bar masa zane ɗaya, saƙi, wanda ya koɗe don yawan ɗaurawa. Da kaka ta yi sai ya naɗe shi ya taka har birni, ya kai marina a mayar masa da launinsa. Al'adar marinar nan kuwa, in ka kawo kaya sai a fasa sakaina biyu, a huda rabi a ɗaure a gefen kayan, a miƙa maka rabi. Daga nan kaya zai bi hannu-hannu, daga mai tsomawa zuwa mai shanya zuwa masu bugu, babu wanda zai tambayi sunan mai shi. Ranar karɓa a haɗa baki da baki, in ya zauna daidai kaya naka ne. Tsohon marinin da ya karɓi zanen mutum ne mai sakin fuska. Yana juya ruwan baba, wato shuni, a rami manomi yana ba shi labarin marigayiya, yadda take dama fura, yadda take yi masa tsiya in ya dawo daga gona da wuri. Tsoho yana gyaɗa kai yana cewa, "Allah sarki." Wata huɗu rabon da wani ya saurare shi haka, sai ya koma gida zuciyarsa wasai, yana ganin ya yi aboki. Sakaina kuwa ya jefa ta aljihu kamar ɓawon gyaɗa. Wata safiya wutar murhunsa ta mutu, don gidan da babu mace wuta ba ta kwana, ya je maƙwabta ɗiban garwashi, bai ga kasko kusa ba, ya ɗebo da sakainar. Bakinta ya ƙone ya zama gawayi. Ya duba ya ce ai ba komai, tsoho ya san shi.

Ranar kasuwa ya koma. Aka ce kayan makon jiya suna rumfar bugu. Masu bugu suka karɓi sakainar, suka gwada ta da wannan, suka gwada da wancan, ba ta zauna da ko ɗaya ba. Ya garzaya wajen tsoho ya yi sallama da fara'a. Tsoho ya amsa da irin sakin fuskar nan tasa, sannan ya ce, "Bawan Allah, daga ina?" Ba wulaƙanci ba ne, mutum nawa suka zauna a bakin ramin nan tun ranar, kowa da labarinsa. Da tsoho ya ga hawaye sai tausayi ya kama shi, ya ja shi rumfa ya ce ya zaɓi nasa da kansa. Manomi ya tsaya gaban zannuwa sun fi arba'in, duk saƙi, duk sun sha baba sun sha bugu, suna ƙyalli iri ɗaya. Ya ɗaga wannan ya shinshina, ya ɗaga wancan, babu ƙamshin kowa sai na shuni. Shekara talatin yana ganin zanen nan a jikinta, yau ya kasa nuna shi. Ya juya ya kama hanyar ƙauye, hannu rabbana, da guntun gawayi a aljihu.

Hausawa dai sun riga sun faɗa: hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.