Mai Lambu da Masu Ɗiban Yashi

Kana ta ce mini tunda hukuma ta karɓi koken jama'a, a ƙyale ta ta yi nazari a tsanake. Ni kuwa na ce koken da ba a yanka wa ranar amsa ba, gara a dube ka a ce maka a'a. Gyara zama ka ji misali.

An yi wani mai lambu a bakin kogi, yana da mangwaro da gwaiba da ya gada wurin mahaifinsa, da su yake ci da iyalinsa. Sai masu tifa suka gano yashin wurin yana da kyau, suka dinga haƙa suna matsowa gindin gaɓa, ba kuwa dokar da ta hana su. Shi da maƙwabtansa suka sa rigunansu na Juma'a suka tafi ofishin da ke kula da koguna, suka roƙi a kafa ƙa'ida, a ja wa masu haƙa iyaka. Jami'in ya karɓe su hannu bibbiyu, har da ruwan sanyi, ya ce, "Baba, ku koma gida, sai mun neme ku." Suka yi godiya suka fito. Babu wanda ya ce yaushe, don mu a tarbiyyarmu ba ka tsare babba da tambayar rana, sai a ce ba ka da kunya. Ita ma dokar ofishin ba ta ɗora wa jami'in wani wa'adi ba.

Ƙanin mai lambu ya ba shi fili a kan tudu, ya ce ya fara dashe tun da wuri. Ya ƙi, wai in ya tashi za a ce ya janye kukansa, alhali magana tana gaban manya. In ya koma ofis, yau a ce an kafa kwamiti, gobe a ce shugaba ya yi tafiya. Da ƙi suka yi, da ya san inda dare ya yi masa, ko ya ɗaukaka ƙara ko ya kwashe ya koma tudu. Amma "ana dubawa" ta ɗaure shi wuri ɗaya, yana kallo saiwoyin mangwaro suka fito fili kamar jijiyoyin hannun tsoho. Da damina ta yi tsakiya kogi ya kawo, gaɓa ta zabtare, lambu ya bi ruwa yana tsaye yana salati. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Can daga baya ƙa'ida ta fito, mai kyau kuwa, har a rediyo aka karanta: an haramta haƙar yashi kusa da lambu. To ina lambun? Masu tifa suka ci gaba da aikinsu, yanzu ma bisa doka. Tsohon nan kuma, da yunwa ta shigo gida, shebur ya ɗauka ya shiga cikin leburorinsu, yana loda musu yashi daidai inda itatuwan ubansa suke a da.

Shi ya sa Hausawa suka ce, a bari ya huce, shi ke kawo rabon wani.