Gishirin Mai Teku a Falo

Ɗan'uwa, tunda ka dawo ƙasar nan nake lura da kai. Jikinka yana tare da mu, zuciyarka kuwa tana can inda ka baro. Ban ga laifinka ba, kewa ba ta jin rarrashi. Amma gyara zama in ba ka misalin wani mutum.

Shekara ashirin da biyu ya yi a bakin Bahar Maliya yana sana'ar nutso, yana kankare gindin jiragen ruwa. A ƙarƙashin ruwan nan ya ga abin da mutanen garinsu ba su taɓa gani ba, wato murjani mai rai. Ba irin wanda mata ke ratayawa a wuya ba, wannan tsirowa yake yi da rassa, ƙananan kifaye ja da rawaya da shuɗi suna shige da fice a tsakaninsa. Da ƙirji ya fara damunsa likita ya hana shi nutso, sai ya tattaro ya dawo garinsu, garin da babban ruwansa shi ne kududdufin bayan kasuwa, shi ma sai da damina. Yana ci yana sha yana zuwa jam'i, amma kewar teku ta hana shi sakat. Ƙarshe dai ya sayar da filin da ya gada, ya sa aka kawo masa akwatin gilashi daga Legas, tsawonsa ya kai tabarma, tare da murjanin da kifayen da buhunan gishirin teku. Ya kafa sola don kada ɗaukewar wuta ta tsayar da injin da ke juya ruwan. Ya sa fitila shuɗiya a sama, ya sa fanka. Da safe ya goge gilashi, da yamma ya ba kifi abinci ɗan kaɗan, duk Juma'a ya kwashe wani ruwan ya zuba sabo. Mutumin da bai taɓa wanke kwanon da ya ci tuwo ba, ga shi da soso a hannu tun kafin rana ta fito. Kuma abin ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Murjani ya buɗe, kifi suka saba da shi har suna tahowa idan ya matso, shi kuma fuskarsa ta dawo daidai.

To, sai bazara ta shigo. Zafi ya riƙa shanye ruwan akwatin, kullum ya ragu da kamar yatsa biyu. Mutumin ya ce kifin teku ai sai ruwan teku, sai ya dama gishiri a bokiti ya cike gurbin. Bai tsaya ya yi tunanin cewa ruwa ne kawai ke tashi sama ba, gishirin yana nan daram inda aka zuba shi. Wanda ya sayar masa da kayan ya haɗo masa da ɗan ma'aunin gishiri, amma ya jefa shi a aljihun tebur, wai wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana kurɓar teku ba ya buƙatar roba ta gaya masa ɗanɗanonsa. Sai ya tsoma yatsa ya lasa, ya lumshe ido, ya ji bai kai na can ba. Ina zai kai? Ruwan da yake tunawa akwai ƙuruciyarsa a ciki, da abokansa, da ƙirjinsa lafiyayye, kuma ba a sayar da waɗannan a buhu. Sai ya ƙara kofi guda. Matarsa, wadda ko kogi babba ba ta taɓa gani ba, ta lura da farin ɓawo yana taruwa a bakin gilashin. Ta ce, "Malam, mu dai a kicin idan miya ta ƙafe ruwa muke ƙara mata, ba gishiri ba." Ya yi murmushin wanda ya ga duniya, ya ce, "Hajiya, wannan teku ne, ba miyar kuka ba." Ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta koma kan tukunyarta.

Sannu a hankali murjanin ya fara tsukewa, launinsa yana koɗewa. Mutumin ya ce a ransa kewar gida ce take damunsa kamar yadda take damuna, sai ya ƙara gishiri don ya ji kamar yana gida. Kifayen suka daina tahowa, suka maƙale a lungu suna haki. Ranar da ya tsamo na farko a mace ne ya lalubo ma'aunin ya tsoma, allurar ta haura har ƙarshen lambobin ta tsaya. Ya yi ta zuba tataccen ruwa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Cikin mako guda babu sauran abu mai motsi a akwatin. Ya kwashe murjanin, fari fat kamar ƙashi, ya shanya a ƙofar gida, har wata mata mai wucewa ta tsaya ta tambaye shi ko kanwa yake sayarwa. Sai da ta wuce ya ce wa matarsa, hawaye na bin gemunsa, "Ruwa kawai suke roƙona, ni kuma ina ta ba su abin da nake kewa."

Allah ya ba shi ɗan yankin teku a tsakiyar falonsa, a garin da ba shi da kogi, yana kallonsa safe da yamma. Ya ce sai ya zama irin na da sak, ya tashi ba wannan ba wancan. Abin da Hausawa suka gano ke nan tun tuni da suka ce, garin neman gira a rasa ido.